Dambun Naman da Baba Ya Ci a Jirgin Kano

Tun da aka fara kaɗa gangar siyasa a bana gidan nan ya rasa sukuni. Ina zaune ne a unguwar Malam Inna a Gombe wajen ɗana na biyu, ƙofar ɗakina tana kallon tsakar gida, don haka komai a kunnena yake. Jikokina biyu, uwa ɗaya uba ɗaya, sun daina yi wa juna magana saboda kowa da ɗan takararsa. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne ban taɓa ganin sun zauna sun yi gardamar baki da baki ba. Kowa yana ɗakinsa, kai sunkuye a kan waya, yana rubuta wa ɗan'uwansa baƙar magana, alhali bango ɗaya ne tsakaninsu. In yunwa ta taso sai a kira mai babur ya kawo shinkafa a roba, kowa ya ci tasa a bakin gado. Na ce wa uwarsu ta zuba musu a tire ɗaya mana, ta yi dariya ta ce, "Hajiya, ai yaran yanzu ba sa haɗa hannu." Tun ranar zuciyata ta koma unguwar Kumbiya-Kumbiya, gidan da aka haife ni.

Gombe ta lokacin ba ta da wannan hayaniyar. Abin da ke tashin mutum da safe luguden mata ne, gida yana amsa wa gida, sai kukan shanun da ake korawa kara, kasuwar shanu, sai muryar masu tallan nono suna ratsa lungu. In kaka ta yi kuma manyan motoci su yi ta gurnani da lodin auduga, farin gashinta yana maƙalewa a jikin danga. Ruwa ne wahalarmu. Tun ban iya ɗaura zani da kyau ba nake bin yayyena da tulu, mu dawo wuya ya sage, a ce saura na wanki. Mahaifiyarmu Bafulatana ce, Dada muke ce mata, Hausarta har ta koma ga Allah ba ta miƙe sosai ba, amma a gaban murhu ba ta da na biyu. Ita ta koya mini cewa daddawa ba a jefa ta a miya da gaggawa, kuma man shanu sai an sauke tukunya ake zuba shi. In ta gan ni na bar miya a wuta na tafi hira sai ta ce, "Je ki, in ta ƙone ki ce wa babanki itace ne ya yi laifi." Baba kuwa dillalin shanu ne, asalinsa ƙasar Katsina, mutum mai tsayi da murya, mai son a yi abu yadda aka saba yi. Ranar da aka ce Bature ya miƙa mulki, rago ya yanka, ya sa babbar rigarsa ya fita wajen taro. Da ya dawo yana ta bayani, Dada ta bari ya gama, sannan ta tambaye shi ko ke nan an daina karɓar jangali. Ya ce a'a. Ta ce to, ta ci gaba da tankaɗenta.

Cikin 'ya'yansa ni ce mai yi masa girki in yana son abu na musamman. Nama sana'arsa ce, ya san shi ciki da waje, kuma shi da kansa ya tsaya a kaina har na iya dambun nama: a dafa shi da albasa da citta da kanumfari har ruwan ya tsotse, a kirɓa a turmi, a soya a man gyaɗa da wuta kaɗan-kaɗan ana juyawa har ya bushe ya yi wara-wara. Kullum ƙorafinsa ɗaya ne, wai hannuna yana da nauyi wajen barkono. Yana faɗa yana ci.

Da na isa aure, wani tela da ke ɗinka wa Baba riguna ya aiko, ni ma ina so, Baba ya ba shi da farin ciki. Malam nake ce masa, har ya rasu ban kira sunansa ba. Mutum ne marar hayaniya, in yana taka keken ɗinkinsa sai ka yi sallama sau biyu bai ji ba. Aka kai ni ɗan gidansa da ke bayan kasuwa, kuma kowace Juma'a nakan yi girki in aika wa Baba a kwano, ƙanwata ta zo ta ɗauka. Haka muke cikin daɗi har siyasa ta yi zafi. A lokacin jam'iyyu biyu ne ke tashe a wajenmu, ta manya wadda sarakuna da attajirai ke ciki, da ta masu cewa talaka ya gaji. Baba yana ta farko da jikinsa da zuciyarsa. Malam kuwa, ashe shagonsa ya zama wurin zaman 'yan ta biyun. Wata rana suka yi taro ba da izini ba, aka kwashe su, aka aske musu kai, aka tsare su na wani lokaci. Da aka sako shi ya dawo gida a rame, ruwan wanka kawai ya nema.

Baba ya ji kunyar abin ƙwarai, don a majalisarsu aka riƙa nuna shi ana cewa ga surukin ɗan tawaye. Bai ce a raba auren ba, bai hana ni zuwa gaishe shi ba. Abu ɗaya ya faɗa, a gaban Dada: ba zai ƙara cin abincin gidan da ake zagin manya ba. Ni ban sani ba, na ci gaba da aikawa, kwano yana dawowa a wanke tas, ina murna. Sai wata Juma'a ƙanwata ta yi suɓutar baki ta ce, "Yaya, ki rage yawan tuwon nan, mu kaɗai ke ci, Baba ko buɗewa ba ya yi." Ashe Dada ce ke juye wa yara, ta wanke kwanon ta mayar mini don kada raina ya ɓaci. Ranar na yi kuka a gindin murhu har Malam ya shigo ya same ni. Ya ce, "Ki ci gaba da aikawa. Ubanki ne." Na ci gaba.

Ana cikin haka idon Baba ya fara yana. Da farko yakan ce hazo ne, daga baya ya kasa bambance sa da saniya sai ya shafa, dillalin da ke hango dabba daga nesa ya faɗi shekarunta. Ya daina zuwa kara, ya koma zaman zaure. Aka ce a Kano akwai asibitin da ake cire yanar. Yayana yana kudu da shanu, ba a san ranar dawowarsa ba. Wani babba a jam'iyyarsu ya yi alkawarin ba da mota, amma zaɓe ya matso, motar kullum tana ƙauye wajen yawon neman ƙuri'a, yau a ce gobe, gobe a ce jibi. Da Malam ya ga idon yana ƙara rufewa, sai ya kulle shagonsa ya je ya durƙusa a ƙofar zaure ya ce zai kai shi a jirgin ƙasa, wanda bai daɗe da fara zuwa Gombe ba. Baba ya ce ya gode, zai jira mota. Dada ce ta fito, abin da ba ta taɓa yi ba a gaban suruki, ta tsaya a bayan ƙofa ta ce, "Motar nan in ta zo, kabarin idonka za ta tarar. Ka tashi ka bi yaron nan." Aka shirya da ni, don in kula da shi a can.

Na kwana biyu ina haɗa guzuri. Na soya kaji, na yi dakuwa, na kirɓa fura, na yi dambun nama cike da ƙaramin kwano mai murfi. Ina yi ina ce wa kaina ba don Baba nake yi ba, don hanya ne.

Ban taɓa shiga jirgi ba sai ranar. Tasha cike da mutane da buhuna da kaji a akurki, ga masu rakiya sun fi matafiya yawa. Da jirgin ya yi kuwwa ya girgiza, na riƙe kujerar katakon da hannu biyu ina salati, wata mata 'yar Tangale da ke gefena da kwandonta ta dafa ni tana dariya ta ce in saki jikina, ba ya kifewa. Malam ne ya hau da Baba, hannun Baba a kafaɗarsa, ya zaunar da shi kusa da taga, shi kuma ya zauna a ƙasa kan buhun kayanmu don ba ya iya haɗa kujera da surukinsa. Jirgin lokacin ba kai tsaye yake zuwa Kano ba, sai ya bi ta Bauchi ya hau duwatsu masu sanyi, ya gangara Kafanchan, sannan ya juyo arewa ta Kaduna da Zariya. Yau jikokina suna barin Gombe da safe su yi azahar a Kano, ba su san sunan ko ƙauye ɗaya a hanya ba. Mu kuwa kowace tasha sai mun tsaya, mata su taso da tire a ka suna miƙo rake da dafaffen ƙwai ta taga, harshe yana canzawa, abin sayarwa yana canzawa. A Kafanchan na fara ganin ayaba tuli guda kamar ba ta da mai ita. Kuma a cikin taragon ba wanda ke buɗe ƙullinsa bai ce wa na kusa bismilla ba, ko da bai san yarensa ba.

Na buɗe kaji na miƙa wa Baba, ya ce ya ƙoshi. Na dama fura, ya ce cikinsa ba ya so. Ya sa aka saya masa gyaɗa ta taga, ita ya yini yana ɓarewa. Kajin nan matar Tangale da wani mahauci ɗan Bauchi da wasu ɗalibai suka taya ni cinyewa, suna ta yabo, Baba yana jin su, fuskarsa a waje kamar mai kallon dajin da ba ya gani. Malam ma ba ya iya ci a gaban Baba, sai ya ɗauki ɗan abin da na ba shi ya tafi bakin ƙofar tarago ya ci a tsaye. Na zauna tsakanin maza biyu da na fi so a duniya, da abinci a cinyata, ba mai ci a gabana.

Washegari da hantsi, mun baro Kafanchan, gardamar siyasa ta ɓarke. Mahaucin nan ne ya fara, ɗalibai suka karɓa, kafin ka ce me tarago ya rabu biyu. Baba da ya yi shiru tun Gombe sai ga shi ya gyara zama, muryarsa ta dawo irin ta kara, yana kare manya, yana ce wa ɗaliban ba su san komai ba sai allo da alli. Malam yana ƙasa, kai sunkuye, yana wasa da zaren buhu. Can Baba ya juyo da fuskarsa wajen da yake jin numfashinsa ya ce, "Tela, kai ba ka da baki ne? Ai kai ne har da zuwa gidan yari a kan maganar nan. Faɗi naka mu ji."

"Baba, ba ni da abin faɗa a gabanku."

"Na ce ka faɗa."

Malam bai ɗaga kai ba. Ya ce lokacin yana yaro a ƙauyensu, da damina ta kankama aka zo aka tafi da mahaifinsa noman gandun wani mai sarauta, ba a sake shi ba sai da ciyawa ta cinye tasu gonar. Shekarar suka yi ta cin tafasa da dusa, kuma a shekarar ƙanwarsa ta rasu a bayan uwarsu. Ya ce, "Ni ban iya dogon bayani ba, Baba. Abin da nake so kawai, kada a ƙara ɗaukar wani uba daga gonarsa." Ban taɓa jin labarin nan ba sai ranar, ni da nake kwana ɗaki ɗaya da shi.

Ni kuma don in samu abin yi sai na buɗe kwanon dambun naman na ajiye a kan kujera tsakanina da Baba, ba da wata niyya ba, wallahi.

Baba ya yi gyaran murya. Ya ce shi ma da yunwa ya san duniya. Da ƙafa suka baro ƙasar Katsina shi da mahaifiyarsa a shekarar fari, suka iso Gombe ba su san kowa ba, ƙafarsa duk ta tsage. Wani mai unguwa ne ya ba su zaurensa, ya sa matansa suka ciyar da su har kaka, daga baya ya yanka musu filin da aka haife ni a kai. "Mutumin da ya ba ni tuwo ranar da ba ni da kowa," in ji Baba, "ba zan tsaya a kasuwa ana zagin irinsa in tafa ba."

"Ban taɓa zagin kowa ba, Baba."

"Abokanka suna yi."

"Suna yi," in ji Malam. "Naku kuma suna ɗaure mu."

Baba ya ce, "Suna yi."

Daga nan maganar ta kwance musu. Baba ya kawo wannan, Malam ya amsa a hankali, Baba ya ɗaga murya, mahauci ya sa baki, a yi dariya, a koma. Ina zaune ina kallonsu sai na ga hannun Baba ya sauka a kan kujera, ya ci karo da kwano, ya shiga ciki kamar yadda ya saba shiga tun ina yarinya. Ya ɗebo ya kai baki yana cikin magana. Ya sake ɗebowa. Matar Tangale ta taɓa ni da gwiwar hannu, na girgiza mata kai don kada ta yi magana. Sai da ya ci kusan rabi sannan taunarsa ta yi sanyi, ya tsaya da hannu a sama.

"Wa ya yi dambun nan?"

"Ni ce, Baba."

Na ɗauka zai ture kwanon. Sai ya ce, "Har yanzu ba ki rage barkonon nan ba." Ya mayar da hannu ya ci gaba da ci. Ni kuwa na ja mayafi na rufe fuska, hawaye yana zuba, ina jin matar nan tana shafa bayana tana cewa in yi shiru, ai ya ci. Da ya ƙoshi ya tura sauran wajen Malam ya ce, "Ungo, je ka bakin ƙofar taka ka ci, na san tun jiya a tsaye kake cin abinci." Ashe duk yana lura.

A Kano muka sauka gidan wani ɗan'uwan Baba. Aka yi aikin, ido ɗaya ya buɗe, ɗayan ya riga ya tafi. Malam ne ke kai shi yana dawo da shi, shi ke riƙe masa buta. Ranar da aka cire auduga, Baba ya ƙura masa ido ya daɗe, ya ce, "Ashe haka suka ramar da kai."

Kada wani ya ɗauka sun shirya a siyasa. Ko kusa. Abin da ya canza, bayan sallar Juma'a Malam yakan ɗauki kwanon da kansa ya kai, ya zauna daga bakin zaure, su yi ta musu har la'asar, Dada tana ciki tana cewa waɗannan mutane ba sa gajiya. Ba a jima ba soja suka karɓi mulki suka rushe jam'iyyun duka, na manya da na talakawa, suka bar su da rediyo ɗaya suna saurare tare, kowa yana cewa laifin mutanen ɗayan ne. Aka yi yaƙin basasa, aka gama. Sai kuɗin mai ya shigo, gari ya buɗe. Malam ya samu ɗinkin kayan 'yan makaranta, ya ƙara kekuna, ya sayi babur, muka yi rufin kwano. Shinkafa da a da sai da salla ta zama abincin kullum, tumatirin gwangwani da ɗanɗanon kanti suka shigo kicin, matan unguwa suka fara raina daddawa. Baba bai taɓa yarda da su ba. In na kai masa shinkafa yakan ce wannan abincin marasa lafiya ne, a kawo masa tuwon dawa. Shi da Malam a nan kaɗai bakinsu ya zo ɗaya, dukansu suna ganin kuɗin nan ya zo da sauri fiye da hankalin mutane.

Da soja suka ce za su mayar da mulki, aka kafa sababbin jam'iyyu, kowannensu ya leƙa ya gane tasa a cikin sabuwar riga. Lokacin Baba ya tsufa ƙwarai, ƙafa ta ƙi, idon nan ɗaya ma ya dushe. Kuma a karon ne aka ce mu ma mata za mu jefa ƙuri'a. Ranar zaɓe da safe na je Kumbiya-Kumbiya don mu tafi da Dada, sai na tarar Baba ya sa babbar riga yana zaune a zaure, ya aika a kira Malam. Malam ya zo da babur, ya cicciɓe shi ya ɗora a baya, ya tattare masa rigar don kada ta shiga taya.

"Tela," in ji Baba, "ka san dai ba naku zan jefa wa ba."

"Na sani, Baba. Ku riƙe ni da kyau, akwai yashi a gaba."

Na tsaya ina kallonsu har suka sha kwana, tsoho ya rungume cikin surukinsa da hannu biyu. Ni da Dada muka bi layin mata a ƙafa, aka shafa mana tawada a yatsa, Dada tana ta duba nata tana tambaya ko za ta fita kafin azahar.

Da muka dawo na tarar da su a zaure, sun riga mu. Na durƙusa na gaishe su zan wuce, Baba ya ce in tsaya. Ya ce, "To, ke wa kika jefa wa? Na ubanki ko na mijinki?" Malam yana gefe yana murmushi, amma na ga shi ma ya kasa kunne.

Na ce, "Baba, ai an ce sirri ne."

Ya yi dariya har da tari, ya ce wa Malam, "Ka ji ko? Mun shiga uku, ni da kai." Na shige ciki na ɗora musu tukunya. Dukansu biyu sun koma ga Allah ba su sani ba, kuma kowannensu ya tafi yana da tabbacin nasa na zaɓa.